Washa 24 a Kan Bol Ɗaya: Yadda Na Mayar da Kalmomin Walet Ɗina Kan Ƙarfe a Legas

Ruwan da aka tafka a Legas ranar Laraba 3 ga Yuli 2024 bai shiga ɗakina da yawa ba. Iyakarsa idon sawu, kafin la'asar mun kwashe shi da bokiti da tsumma. Mu da ke zaune ta wajen Agiliti, bayan kasuwar Mile 12, mun saba ganin wanda ya fi shi idan aka saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun ya cika ya batse. Abin da ban lura da shi ba shi ne gindin akwatin da ke ƙarƙashin gado ya sha ruwa. Sai bayan kusan sati uku, da na buɗe zan ɗauko takardar haihuwar yarinyata, wari ya buge ni. Takardu sun manne da juna, funfuna ta yi musu kore-kore. A cikinsu akwai rabin fallen littafin makaranta da na rubuta kalmomi 12 na walet ɗina na kuɗin kirifto da shuɗin biro tun 2021. Tawada ta bazu. Kalma ta huɗu da ta tara ba su karantuwa sam, ta goma sha ɗaya kuwa harafi biyu ne suka rage mata.

Na zauna a bakin gado da takardar a hannu, gabana na faɗuwa. Wayar tana aljihuna lafiya lau, ko kwabo bai ɓata ba. Amma duk cikin satuttukan nan uku kullum sai na shiga danfo daga Ketu zuwa Ikeja, na kutsa cikin turmutsutsun Computer Village inda nake da shagon gilashin waya da batir. Da a kwanakin nan aka zare wayar, ko ta suɓuce ta faɗa kwata, da shi ke nan. Kuma kuɗin ciki ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na mutum biyu da muke haɗa oda muna biyan 'yan Chaina da USDT, wani kuɗin kirifto da ke bin darajar dala. Da wane baki zan gaya musu danshi ya cinye musu jari?

Ga wanda bai shiga harkar ba, kuɗin kirifto ba a cikin waya suke zaune ba. Waya ƙofa ce kawai. Mabuɗin shi ne kalmomin nan 12 ko 24 da walet ke ba ka ranar da ka buɗe shi, waɗanda 'yan harka ke ce wa sid-fires. Akasarin walet suna bin wani tsari ne mai suna BIP39 da aka fitar a 2013, mai jerin kalmomin Turanci 2,048, daga abandon zuwa zoo. Duk wanda ya riƙe kalmominka a jere yadda suke, shi ne mai kuɗin, ko yana Ikorodu ko yana Rasha. In kuwa suka ɓace kuma wayar ta mutu, babu manajan bankin da za ka je wa da BVN da katin ɗan ƙasa ya tausaya maka.

Wuya ce ta koya wa da yawanmu riƙe mabuɗi a hannu. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, bai sassauta ba sai Disambar 2023. A Nuwambar 2022 kasuwar kirifto ta FTX ta durƙushe da dukiyar jama'a a ciki. A Maris 2024 wata kasuwar kirifton, Binance, ta rufe hada-hadar naira. Kowannensu ya ƙara tura mutane su kwashe abinsu daga hannun kamfani su mayar walet na kansu, kuma daidai ne. Sai dai daga ranar da ka yi haka, kai ne bankin, kai ne maigadin. Ni kuwa ɗakin ajiyar bankin nawa fallen takarda ne, a garin da takalmin fata ke yin funfuna cikin durowa idan damina ta yi nisa.

Na sayi 'yar na'urar walet irin wadda ba ta zama a kan intanet, ta ba ni sababbin kalmomi 24, na kwashe komai na mayar can. Sai batun inda zan rubuta su. Na fara duba faranten ƙarfe da kamfanonin waje ke sayarwa, irin su Cryptosteel da Billfodl. Suna da kyan gani, amma da dala ake saye, ga kuɗin aikowa, ga kwastan. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba kuɗin ba ne. A 2020 an kutsa cikin rumbun bayanan masu sayen kayan Ledger, kamfanin da ke ƙera irin wannan na'urar walet, sunaye da adireshi da lambobin waya na mutum sama da 270,000 suka bazu a intanet. Ba a taɓa kuɗinsu ta nan ba, amma duniya ta san gidan da ake ajiye kirifto. A Legas ba na son sunana da lambar gidana su zauna a wani jeri irin wannan. Wanda ya shiga kasuwa ya sayi washa, zagayayyen ƙarfen nan mai rami da ake sa wa bol, da tsabar kuɗi kuwa, kowa zai ɗauka janareto zai gyara.

Akwai wani Ba'amurke injiniya, Jameson Lopp, da tun 2018 yake sayen irin waɗannan ma'ajiyoyi na ƙarfe yana gana musu azaba: ya ƙona su, ya jiƙa su a asid, ya danne su da injin matsa. Abin da na tsinta daga gwaje-gwajensa shi ne masu ƙananan haruffa da ake zurawa a layi sukan zubar da haruffan idan jikin ya lanƙwashe, amma harafin da aka buga ya nutse cikin ƙarfe mai kauri yana nan daram. Wannan ne ya karkato da ni kan washa.

Dabarar ba ta da wani surƙulle. Kowace kalma washa ɗaya. Ka buga mata lambarta da haruffanta da ƙarafan buga haruffa, irin tambarin da ake sa lamba da shi a jikin inji, ka jera su a kan bol, ka ɗaure da noti. Girman da ya dace shi ne M8 mai faɗi, wadda faɗinta milimita 24 ne, kaurinta milimita 2. Guda 24 idan aka jera sun ba da milimita 48, ka ƙara fanko ɗaya sama ɗaya ƙasa don rufe rubutu, bol mai tsawon milimita 70 ya ɗauke su da sauran wuri. Gaba ɗayan abin bai fi ka dunƙule shi a tafin hannu ba.

Sayen farko na yi asara. Wani shago a bakin titi, mai shagon ya rantse mini sitenlas ce, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, farar washa tana ƙyalli, na ɗebi 60 a kan Naira 3,000 ina murnar araha. Araha kuwa ba ta ado. Da na isa gida na kanga mayen ƙarfen wata tsohuwar sifika, sai ga su sun taso sun manne caɓ. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan tutiya. Na jefa uku a kwalbar ruwan gishiri, kafin sati ya zagayo duk inda na karce ya yi jawur da tsatsa. Irin wannan, da zarar ka buga harafi ka fasa rufin tutiyar, tsatsa kuma daga cikin ramin harafin za ta fara ci, wato daidai wurin da kake son ya tsira.

Karo na biyu na tsallaka Ailan, wato tsibirin Legas, na shiga Agarawu inda masu kayan aiki suke, da mayen ƙarfena a aljihu. Wani dattijo Bayarabe ne ya saurare ni, ya ce, "Alhaji, duba kan bol ɗin." A kan kowane bol na sitenlas na gaske akwai rubutu: A2-70 ko A4-80 da makamantansu. A2 shi ne wanda aka fi sani da 304, A4 kuma 316, wanda aka ƙara wa wani sinadari da ke sa shi jure gishiri. Washa ba ta cika zuwa da rubutu ba, shi ya sa mayen ƙarfe ke da amfani: ta gaske ko dai ba ta kama shi sam, ko ta ɗan ja kaɗan ta saki. A2 na samu, washa a kan Naira 150 kowace, bol uku da notinsu, sai akwatin tambarin haruffa da na lambobi masu girman milimita 3 a kan Naira 14,000. Maƙerar da zan ɗora a kai kuwa a Owode Onirin na samo ta, kusa da gida, wani guntun ƙarfe mai kauri kamar bulo da aka yanko daga jikin tsohon inji. Duk da asarar farko, abin da na kashe a lokacin bai kai Naira 35,000 ba. Wanda ke zaune bakin ruwa, Ajah ko Apapa ko Badagry, ya daure ya nemi A4 ko da ya fi tsada, iskar can gishiri ce zalla.

Wani abokina da ya ji abin da nake shiryawa ya ce in daina wahalar da kaina, in kai wa masu zana suna da injin leza a Shomolu, minti biyar an gama, rubutu tsaf. Rubutu zai yi kyau kam. Amma sai kalmomin sun shiga kwamfutarsu kafin su hau ƙarfe, yaron shago ya gani, mai injin ya gani, fayil ɗin ya zauna a can. Wannan aiki ba a ba da shi kwangila. Ba mai walda, ba maƙeri, ba ɗan'uwa. Hannunka da gudumarka, ƙofa a rufe, waya a wani ɗaki.

Bugun shi ne inda aikin yake, kuma nan ne babu wanda ya gaya mini gaskiyar wahalarsa. Sitenlas tauri gare shi. Ƙaramar gudumar kafinta ba ta yi masa komai, sai ka ga inuwar harafi kawai. Sai da na koma mai nauyin kilo ɗaya. Kuma duka ɗaya ake yi, mai ƙarfi, a tsaye cak. Idan ka ji bai shiga ba ka ƙara na biyu, tambarin ya riga ya gusa da ɗan kaɗan, sai harafi ya fito da tagwaye, E ta koma kamar B. Washa 11 na lalata a koyo kafin hannuna ya faɗa. A intanet akwai zanen wata 'yar matattara da ake kira ta Blockmit, wadda ake fitarwa da injin 3D mai ƙera abubuwa da roba, tana riƙe washa da tambari a daidai. Ni ban same ta ba, kafintan layinmu ne ya huda mini katako daidai faɗin washa, na manna salatif a gefe don kada ta yi tsalle. Ya yi aiki, amma layin bai miƙe kamar na inji ba. Ka sa tabarau, don ɓarɓashin ƙarfe na tashi. Kuma kada ka yi a kan tayil. Siminti tsirara ake nema.

Sauƙin da tsarin BIP39 ya yi mana shi ne harafi huɗu na farko sun wadatar, domin babu kalmomi biyu a jerin da suka yi tarayya a huɗun farko. Misali akwai act, action, actor, actress da actual. Idan ka buga ACTO an san actor ce, ACTR kuma actress, mai harafi uku kuwa ka buga ukunta ka tsaya. Da lamba biyu da harafi huɗu a kowace washa, duka 144 ke nan idan babu gajeriyar kalma, ni kuma kwafi biyu na yi. Dare uku na ɗauka. Kafin in gama kwafi na biyu bakin A da na E ya fara dakushewa, alamar tambarin ba mai daraja ba ne sosai. Ya fitar da ni, amma ba zai yi na uku ba.

Lambar nan kada a raina ta. Idan bol ya kwance washa suka watse ba lamba, kalmomi 12 kaɗai ana iya jera su ta hanya 479,001,600, balle 24. Ga kuma wani tarko da sai da na faɗa na gane: akwatin lambobi guda tara ne a ciki, babu 9, da 6 ake juyawa a buga ta. Washa kuwa zagayayya ce, ba ta da sama ba ta da ƙasa. To wace ce ta shida, wace ce ta tara? Maganin shi ne ka sa sifili a gaba, 06 da 09, ka kuma riƙe ƙa'ida ɗaya: ƙafar kowane harafi tana kallon ramin tsakiya. Haka M da W, haka N da Z. Na ɗiga farin fenti a gefe ɗaya na kowane tambari don in san inda zai fuskanta ko da hasken ya yi ƙasa.

Ƙara ma matsala ce a gidan haya. Duka na farko da na yi da dare, sai da maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce ina ɗan gyara ne. Daga nan na koma jiran a ɗauke wuta, idan janaretocin layi suka tashi gaba ɗaya, sai in yi aikina cikin rugugin.

Kafin in amince da abin, na haɗa wani jeri na gwaji da kalmomin banza, na kai wa wani dattijo Bakano maƙeri da ke ƙera murhun gawayi da tsinken tsire a gefen kasuwa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake a saka mini wannan a wuta har sai ya yi ja." Ya jujjuya shi a hannu, ya kwance notin, ya ga haruffa, ya ce, "Ɗana, laya ce ta ƙarfe?" Na ce masa ajiya ce nake son in ga ko za ta jure gobara. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma yana Sabon Gari lokacin gobarar kasuwa ta 2016, ya ga abin da wuta ke yi wa takardun mutane. Ya tura shi cikin garwashi da awartaki, yaronsa ya kama zuga. Ba a yi minti biyar ba sai ga notin mai kunnuwa, wanda na saya don a riƙa kwancewa da hannu, ya yi laushi ya zube kamar kitse, farin hayaƙi na tashi. Baba ya ja ni baya, ya ce, "Kauce wa hayaƙin nan, tutiya ce, tana sa zazzaɓi." Ashe bol ɗin da washa na gaske ne, amma notin mai kunnuwa na zubi ne. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, alminiyam a 660, sitenlas 304 kuwa sai an kai kusan 1,400. Da a gobarar gaske ne, da washa sun tsira amma sun watse cikin toka.

Muka sa noti na sitenlas mai kusurwa shida, muka mayar. Minti 20 yana ciki har ya koma launin lemo, sannan Baba ya tsoma shi a ruwa ya yi cuuu. Ya fito baƙi ƙirin da shuɗi-shuɗi a gefe. Notin ya ƙi kwantuwa, sai da muka sa sifana biyu masu lamba 13 da ƙyar ya motsa. Na goge washa ɗaya da yashi a kan dutse, ga 07 ga haruffanta huɗu raɗau, kamar jiya aka buga. Duka 24 sun karantu. Ka kuma guji noti mai farar roba a ciki, wanda makanikai ke so don ba ya kwancewa da girgiza, robar za ta narke. Noti biyu na sitenlas a ɗaure da juna sun fi.

Jerin nan na gwaji ya ƙara yin sati uku a ruwan gishiri a bakin taga. Ya fito da ɗigo-ɗigon ja a cikin ramin wasu haruffa, na goge da lemon tsami da soson ƙarfe suka fita. Ta ɓangaren wuta da ruwa da gara da kyankyaso, ba ni da abin cewa sai yabo. Damina guda cur ta wuce a kan na gaskiyar, na duba, ko ɗigon tsatsa babu.

Inda abin bai yi komai ba shi ne ɓarawo. Ƙarfe ba ya ɓoye sirri. Duk mai sifana 13 da wayar ɗaukar hoto, minti uku sun ishe shi ya kwance, ya ɗauka, ya mayar yadda yake, kai kuma ba ka sani ba sai ranar da ka buɗe walet ka ga wayam. Ya fi faranti ta wannan fuska, don rubutun a rufe yake a tsakanin washa, ba a karanta shi da wucewa. Ni na ɗiga jan farcen uwargida mai ƙyalƙyali a kan notin da zaren bol ɗin, na haddace yadda ya bushe. In aka taɓa zai fashe. Na kuma ƙara wata kalmar sirri ta daban a kan na'urar, wadda wasu ke kira kalma ta 25, ba ta kan ƙarfen, ba ta gidan. Wanda ya samu washa ba tare da ita ba, walet mai ɗan canji kaɗan zai buɗe. Amma wannan wuƙa ce mai baki biyu: ka manta ta, ko ka sauya babban harafi da ƙarami, washa 24 ɗinka sun zama kayan gwangwan.

Kayan gwangwan kuwa shi ne haɗarin da ban taɓa kawowa a rai ba, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Abin da ya sa nake yabon washa, wato ba ta kama da dukiya, shi ne ya kusa zame mini masifa. Wata Asabar na dawo daga shago na tarar an share bayan ƙofa tas. Uwargida ta tattara tsohon risho da mataccen fanka da wasu ƙarafa ta sayar wa yaron jari-bola da ke zagayawa da kura, ɗan wajen Gusau da muke gaisawa kullum. Jerin gwajin nan da ya sha wuta yana ciki. Ta ce, "Ai na ga baƙin ƙarfe ne ya ƙone, na ɗauka na janareto ne." Ba laifinta ba ne ko kaɗan, ni ne ban gaya mata komai ba. Na gwaji ne ya tafi, kalmomin banza ne a kai. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Da na gaskiyar ne a wurin fa? Kai, bar ma wannan. Da ni ne Allah Ya ɗauki raina a kan titin Ikorodu, wa ya san akwai wani abu? Ƙarfen da na sha wahala don ya shekara ɗari zai tafi a awon kilo, haƙƙin marayu da na abokan kasuwancina ya bi shi.

Mun san hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wurinsa ba. Malamai sun saɓa a kan hukuncin kirifto kansa, kowa ya bi wanda ya natsu da shi, amma ban ji wanda ya ce halal ne ka bar dukiyar da magada ba za su iya kaiwa gare ta ba, ko bashin mutane a cikin akwatin da kai kaɗai ka san mabuɗinsa. 'Yan harkar nan kullum hudubarsu ita ce kada ka gaya wa kowa. Gaskiya ne ta fuskar kalmomin. Ta fuskar cewa abin yana nan kuwa, dole wani ya sani.

Yadda na tsara nawa, ba tare da na faɗi wurare ba: uwargida ta san akwai abin, ta san kamanninsa da inda kwafi ɗaya yake, ta san ba na sayarwa ba ne kuma ba na nuna wa kowa ba ne. Ƙanena da ke Zariya ya san yadda ake dawo da walet, kuma kalmar ƙarin tana cikin ambulan a rufe tare da wasiyyata, wadda ta ambaci sunayen masu haƙƙi da abin da kowa ke bi. Babu ɗayansu da zai iya buɗewa shi kaɗai. Ban raba kalmomin gida biyu ba, 12 nan 12 can, kamar yadda wasu ke yi, domin rabi ɗaya ya ɓace duka sun tafi.

Wani maƙwabcin shagona ya nuna mini tasa dabarar, wai ya rubuta nasa da ajami don kada a gane. Na roƙe shi ya sake. A jerin nan akwai pull akwai pool, akwai sail akwai sell. Bayan shekara biyar, wane wasali ne zai tuna maka wacce ka nufa? Haka masu fassara su zuwa Hausa. Akwai jerin BIP39 na Faransanci da Sifaniyanci da Japananci da wasu harsuna, amma babu na Hausa, walet ba zai karɓi fassararka ba. Yadda na'ura ta ba ka, haka za ka buga, harafi da harafi.

Ba kowa nake ba shawarar wannan wahala ba. Yaran da suka yi ta dannar Hamster Kombat a 2024, ko masu Pi da abin cikin walet ɗinsu bai kai kuɗin guduma da tambari ba, fensir ya ishe su, don shi ba ya bazuwa a ruwa kamar biro. A rubuta kwafi biyu, a naɗe a leda, a jefa a kwalba mai murfi. Abin da nake roƙonsu kawai su goge hoton kalmomin daga waya, su daina tura wa kansu a WhatsApp. Ina gyaran waya, na san abin da ake gani a cikin hotunan mutane idan suka bar ta a kan teburin mai gyara. Amma wanda abin cikin walet ɗinsa ya kai jarin shago, ko akwai kuɗin wasu a ciki, kuma yana zaune a garin nan da kasuwa ke ci da wuta kamar yadda kasuwar Dosunmu ta yi a Afrilun 2024, ruwa kuma na shiga ɗaki duk shekara, ban ga abin da zai saya da irin kuɗin da na kashe da ya fi wannan amfani ba.

Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallakewa: ka gwada kafin ka ƙona takardar. Na'urori irin su Trezor da Ledger suna da wurin da za ka shigar da kalmomin su tabbatar maka daidai suke ba tare da an goge komai ba. Daga kan ƙarfen za ka karanto, ba daga takarda ba. Kalmar ƙarshe tana ɗauke da ɗan lissafin tantancewa, don haka galibi idan ka yi kuskure na'urar za ta ƙi karɓa. Sai da nawa ya wuce sau biyu sannan na cinna wa takardar ashana a cikin murhu, na dame tokar da ruwa.

Watan jiya na haɗa sabon jerin gwaji, na walet mai Naira 5,000 a ciki, na miƙa wa uwargida da sifana da tsohuwar waya bayan yara sun yi barci. Na ce ta ɗauka ba na nan. Ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa, ta jera washa daga 01 zuwa 24, tana ɗaga kowace kusa da fitila tana karantawa a hankali. Ta yi minti 40. A ta 17 ta tsaya, ta jujjuya ta, ta ce, "Maigida, wannan M ce ko W? Ƙafarta ba ta kalli rami ba." Na karɓa na duba, gaskiyarta, na buga ta a karkace. Washegari na buɗe na gaskiyar da zan iya kaiwa gare shi a nan, wato kwafin gida, na bi washa ɗaya bayan ɗaya da idonta a raina. Na samu guda a kwafin gida mai irin wannan karkata, na sake buga ta da aka ɗauke wuta. Kwafi na biyu sai na je gida da Sallah, sabon akwatin tambari na nan a jakata.